Ta'aziyya ma ta koma sitika

Assalamu alaikum Edita, barka da ƙoƙari. Don Allah a ba ni ɗan fili in amayar da abin da ya tsaya min a rai tun watan jiya da Allah ya yi wa baffana rasuwa.

Ko wanka ba a gama yi masa ba wani ya riga ya ɗora hotonsa a status, 'yarsa da ke aure a Zariya a nan ta fara gani, ba wanda ya kira ta ya lallaɓa ta kamar yadda aka saba, sai kawai ta buɗe waya ta ga mahaifinta da innalillahi a ƙasa. Wallahi har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Guruf ɗin dangi na WhatsApp kuwa ya cika maƙil da Allah ya jiƙansa, wasu ko rubutun ma ba su yi ba, sitika kawai suka turo. Amma kwana ukun da muka yi muna zaman makoki 'yan uwan da suka tako ba su taka kara sun karya ba, samarin da suka zo ɗin ma kowa kansa a sunkuye kan tabarma yana dannar waya, sai liman ya ce a shafa fatiha sannan a ɗago.

Na sani rayuwa ta yi tsada, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya zama abin da ya zama, kuma ɗan marigayin da ke Saudiyya ta bidiyo kol ya samu ya ga mahaifiyarsa, wannan kam alheri ne. To amma wanda ke Hotoro mu muna Kurna, duk a cikin Kano fa? A 2025 aka ƙara kuɗin data har kashi 50 cikin ɗari ba wanda ya fasa saye, kuɗin adaidaita sahu ne kawai yake gagara. Iyayenmu da suka ce zumunci a ƙafa yake ai sun fi mu shan wahalar hanya.

Matar baffan nawa ba ta da babbar waya, duk addu'o'in nan ko ɗaya ba ta gani ba. Duk ranar da na je gaishe ta sai ta ce, wane fa shiru, ko ba shi da lafiya ne? Ni kuma na kasa ce mata ya turo sitika.

Naku, mai karatu daga Kurna, Kano.