Wasiƙa kan sifili bisa sifili

Aminina,

Assalamu alaikum. Da fatan kai da iyali kuna lafiya. Na ga saƙonka game da ɗaliban nan naka da ke ajiye biro da zarar sun sa x = 0 suka ga 0/0 ta fito. Don Allah ka nuna musu cewa 0/0 ba amsa ba ce, tana nufin aiki bai ƙare ba.

Ka fara kafa musu sin x / x, wanda ke dosar 1 idan x na matsowa sifili. Wannan lambar da ake dosa ita ake kira iyaka (limit). A zana da'ira mai radiyas 1, a kwatanta faɗin yankinta mai kusurwa x da na alwatika biyu, ta ciki da ta waje, sai a samu cos x < sin x / x < 1. An matse shi ta gefe biyu, cos x kuwa na tafiya 1, don haka dole ya bi. Amma fa sai an auna kusurwar x da radiyan, ba digiri ba. In kalkuleta na kan digiri, 0.01745 za su gani, wato π/180.

Daga nan (1 − cos x)/x² ba wuya. A ninka sama da ƙasa da (1 + cos x), sama ta koma sin²x, amsa ta fito 1/2.

Inda suka fi faɗuwa shi ne (tan x − sin x)/x³. Yaro zai ce tan x kusan x ne, sin x ma kusan x ne, ya ɗebe ya rubuta sifili. Kuskure ne, domin ɗan bambancin da ya zubar girmansa kusan x³/2 ne, wato rabin abin da ake raba shi da shi. Wannan musanyar tana tafiya a ninkawa da rabawa, amma a ɗebewa tana cinye amsar. Su fitar da tan x waje, a samu tan x (1 − cos x). Sai abin ya rabu gida biyu, tan x / x mai zuwa 1, da wancan 1/2 na baya. Amsa 1/2.

Dokar L'Hôpital (idan 0/0 ta fito, a ɗauki deribatif, wato saurin canji, na sama da na ƙasa), wadda ta fito a littafinsa na 1696 bayan ya koye ta wajen Johann Bernoulli, ni dai ina ganin ka jinkirta ta. Wanda ya yi amfani da ita kan sin x / x ya yi zagaye ne kawai, tunda da wannan iyakar ake tabbatar da cewa deribatif ɗin sin x shi ne cos x.

In za su gwada da kalkuleta, su tsaya kan 0.1 da 0.01. A 0.00000001 za ta ɗauki cos x a matsayin 1 cif, ta ba su sifilin ƙarya.

Ka gaida mutanen gida. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Amininka