Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiya: Aikin Tayar da Honda CD175

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya da 'yan uwa mambobi.

Tarukan wata-wata sun gudana yadda aka saba, kuma an kai gaisuwar ta'aziyya da ta dubiya a duk inda ta kama. Lissafin kuɗi yana cikin rahoton ma'aji. Aikin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne babur ɗin da magadan wani tsohon malamin makaranta suka damƙa mana.

Honda CD175 ne mai silinda biyu, samfurin da aka ƙera tsakanin 1967 da 1979. Marigayin ya saye shi a 1975, lokacin da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka cika aljihun ma'aikata. Tun da ciwon ƙafa ya hana shi hawa aka jingine babur ɗin a ɗakin ajiya, har 'yan gwangwan suka fara taya shi a kan kilo.

Da aka fito da shi, injin a cije yake. Samarinmu sun so a taka kik da ƙarfi, shugaban kwamitin gyara ya hana, domin da haka ake karya ringi, wato zoben fistin, a kankare silinda. Aka cire fulogi, aka zuba gas da baƙin mai ta ramukan, aka bar shi makonni ana ɗan jijjiga tayar baya cikin giya har fistin ya saki. Tsohon fetur ya daskare a kafireta kamar ƙaro, sai da aka wargaza ta aka wanke ƙofofin mai ɗaya bayan ɗaya. Tanki kuwa tsatsa ta ci cikinsa. An zuba ƙananan notuna aka yi ta girgizawa, aka wanke, maiwalda ya toshe hujin ƙasa. Tayoyi da takalman birki ba mu ma tsaya shawara a kansu ba, sauya su aka yi, robar taya idan ta tsufa ta gama aiki ko da zanenta bai goge ba.

Inda aka kai ruwa rana shi ne batun wuta. Babur ɗin batir mai bolt 6 yake amfani da shi, na yanzu kuwa 12 ne. Wasu suka ce a juya wayarin, wani ma ya kawo shawarar a ɗora injin China a huta. Rinjaye ya ce a bar shi yadda ya zo, kuma a ganina an yi daidai: in aka sauya inji, gangar jiki kawai muka adana. Wannan matsaya ta ja mana jinkiri. Kwantak mai sakar wa fulogi wuta da gasket mai hana inji yoyo sai a Panteka ta Kaduna aka samo daga wani mataccen irinsa, ringi kuma aka yi saƙonsa daga Nnewi, ga tsadar kaya tun faɗuwar naira a 2023.

Yanzu yana tashi, giyarsa huɗu duk suna shiga. Salansar hagu tana ɗan hayaƙi da safe, za a sake duba bawul. Fenti ba a taɓa shi ba tukuna, domin magada sun roƙi a bar launin asali.

A shekara mai zuwa za a buɗe rajistar tsofaffin Vespa, Suzuki da Yamaha da ke jingine a gidaje. Duk wanda ya san inda ɗaya yake, ya sanar da kwamiti kafin taron watan gobe.

Magatakardan Ƙungiya