Rahoton Ayyukan Shekara na Zumuntar Matasa: Aikin Bishara a Tsakanin 'Yan Shekara 13 zuwa 18

Zuwa ga Baba Fasto, dattawan ikilisiya, iyayenmu na Zumuntar Mata da dukan membobi, muna gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

A taron farkon shekara kun ɗora wa kwamitin bishara nauyin kula da yaran da suka girmi makarantar Lahadi amma ba su kai shiga Zumuntar Matasa ba. A wannan tsakanin ne ikilisiya take asarar 'ya'yanta ba tare da an lura ba, domin yaro yakan gama ajin ƙarshe, a daina kiran sunansa a rajista, daga nan kuma ba a sake ganinsa sai ranar Kirsimeti.

Aikin da ya fi ɗaukar lokacinmu shi ne nazarin Littafi Mai Tsarki na kowace Asabar da yamma. Mun bi Bisharar Markus daga sura ta 1 har ta 16, muna karantawa da Hausa da Turanci, saboda yawancin yaran da Hausa suke hira amma idonsu ya fi sabawa da rubutun Turanci. A makonnin farko ba mai buɗe baki. Sai wata 'yar'uwa ta kawo gwangwanin madara, ta huda murfinsa, aka ce kowa ya rubuta tambayarsa ya jefa ba tare da sa suna ba. Abin da ya fito daga gwangwanin nan ya sauya mana tsarin koyarwa gaba ɗaya: cacar ƙwallo a waya, satar amsa a jarrabawa, saurayin da yake matsa wa yarinya, da kuma tambayar da ta yi ta maimaituwa, wato me ya sa Allah ya bari aka kai wa ƙauyensu hari. Ta ƙarshen mun miƙa ta ga Baba Fasto, wanda ya zauna da yaran da kansa.

A makarantun sakandare ba mu kafa wani sabon abu ba. Mun bi ta hannun malaman da suke kula da FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista da aka kafa a Gindiri a 1957, muka kuma shirya darussan lissafi da Turanci kyauta ga masu shirin WAEC.

Wurin da aikin ya fi wuya shi ne wajen samarin da suka bar makaranta suka koma haƙar kuza. Suna samun kuɗi a hannu tun ba su san yadda ake riƙe shi ba, wasunsu kuma suna shan tramadol don su jure aikin rami. Ko da yake gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, shaye-shaye bai bar unguwanninmu ba. Waɗannan samari ba sa amsa gayyatar taro, sai dai a same su a gida da dare, a gaisa da iyayensu, a kuma koma ko da ba a ga alamar canji ba.

A hutun Agusta mun yi wa'azin fili tare da mawaƙan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai Don Kowa, jama'a kuma sun cika wurin. Amma ra'ayin kwamiti shi ne, yaran da suka tsaya har suka shiga ajin baftisma kusan dukansu daga nazarin Asabar da ziyarar gida suka fito. Mun kuma riƙe ƙa'idar da dattawa suka ba mu: ba a kawo ɗan kowa taro sai da sanin iyayensa, musamman 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi da suke buga ƙwallo tare da namu.

Ma'aji zai karanta lissafin baiko da abin da aka kashe. Kwamiti yana roƙon wannan taro ya amince a rage kuɗin wa'azin fili na baɗi a sayi Littattafai Masu Tsarki da shi, sannan Zumuntar Mata ta ba mu iyaye da za su riƙa zama da 'yan mata, domin akwai maganganun da ba za su faɗa wa samarin kwamiti ba.

Sakataren Kwamitin Bishara