Amsa ga ɗalibar da ta tambaya: ina maganin raɗaɗin da aka ce an gano hanyarsa?

Ƙanwata, assalamu alaikum.

Kin miƙe a gaban jama'a kin ce shekara da shekaru masana jijiya na cewa sun gano yadda raɗaɗi ke tafiya a jiki, to ina maganin? Kuma ko ya dace matashiya ta ba wannan fage ƙuruciyarta? Ga amsata.

An gano abubuwa, ba ƙarya. Idan kin taka ƙusa, zafin farko mai kaifi jijiyoyin A-delta ne suka kai shi, da gudun mita 5 zuwa 30 a daƙiƙa. Zugin da ke biyo baya na jijiyoyin C ne, waɗanda ba sa wuce mita 2. A 1997 David Julius da abokan aikinsa a Amurka suka gano TRPV1, wata 'yar ƙofa a bakin jijiya da ke buɗewa idan zafi ya kai kusan digiri 43 a ma'aunin Celsius, ko idan sinadarin yajin barkono ya taɓa ta. Aikin ya kai shi ga kyautar Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian.

Sai kamfanoni suka haɗa magungunan toshe ƙofar. Da aka gwada a mutane, zafin jikinsu ya hau, wasu kuma suka kasa gane ruwan da zai ƙona su, domin ƙofar tana cikin masu daidaita ɗumin jiki. Magungunan toshe NK1, wani wuri a jikin jijiya da ke karɓar saƙon raɗaɗi, su ma sun yi abin mamaki a ɓera, a mutum ba su rage raɗaɗi ba. A hana amai suka samu gurbi.

A ganina babbar matsalar tana wurin awo. Dubi gwajin von Frey. Za ki ɗora ɓera a kan ragar waya, ki bar shi kamar minti 30 zuwa awa ɗaya ya natsu. Sai ki tokari tafin ƙafarsa ta baya daga ƙasa da siririn zare mai tauri har zaren ya lanƙwashe. In ya fizge ƙafa, ki koma zare mai rauni. In bai motsa ba, ki ɗauki mai ƙarfi. A gwajin Hargreaves na 1988 kuwa, haske mai zafi ake haskawa ta ƙasan gilashi a ƙirga daƙiƙu, a kashe a wajen daƙiƙa 20 don kada fata ta ƙone. Duka biyun fizgar ƙafa kika auna, abin da lakar ƙashin baya ke iya yi ba tare da sanin ƙwaƙwalwa ba. Mai ciwon suga da ƙafafunsa ke ci da wuta tsakar dare, babu wanda ya tokare shi.

Ƙananan abubuwa ma na ɓata lissafi: gilashi mai sanyi, ɓeran da ke gyangyaɗi, mai gwajin da ya san wanda aka yi wa allura. A 2014 ɗakin binciken Jeffrey Mogil a Kanada ya nuna cewa warin jikin namiji kaɗai na firgita ɓeraye har su rage nuna zafi. Shekara guda bayan nan suka nuna cewa ƙwayoyin garkuwar jiki da ke rura raɗaɗi a laka sun bambanta tsakanin namiji da macen ɓera, alhali galibin gwaje-gwajen baya da maza zalla aka yi su.

Ga kuma abin da Clifford Woolf ya nuna tun 1983: bayan rauni, laka kan ƙara wa saƙo ƙarfi, har shafar riga ta zama azaba. Shi ya sa raɗaɗin da ya haura wata uku cuta ce mai zaman kanta, toshe bakin jijiya kaɗai ba ya isa.

Duk da haka ki shigo. An bayyana Nav1.8, wata ƙofar daban a jijiyoyin da ke kai saƙon raɗaɗi, a 1996, sai a Janairun 2025 Amurka ta amince da maganin suzetrigine mai toshe ta, shi ma don raɗaɗin ɗan lokaci kamar na bayan tiyata. Ki san tsawon tafiyar tun yanzu. Ki ƙware a lissafin ƙididdiga kafin ki riƙe ɓera. Ki sa wani ya ɓoye miki lambobin allurai har ki gama awo, ki yi aiki da jinsi biyu, ki nemi ɗakin binciken da ke tabbatar da sakamakonsa a jijiyoyin mutum da aka bayar gudummawa. Kuma ki samu likitan da zai bari ki zauna a gefe ranar ganin masu raɗaɗi, ki rubuta kalmomin da suke faɗa: zugi, suka, ƙuna, tsami. Ki koma ki duba wanne daga ciki gwajinki ke aunawa.

Allah ya ba ki sa'a.