Lamba 60 da darasin rabawa a makarantunmu na karkara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan lamba 60, wadda a ganina malaman firamare na karkara ba sa cin moriyarta yadda ya kamata, alhali kuwa babu lambar da ta kai ta sauƙaƙa wa yaro darasin rabawa da lissafin rabi da sulusi da rubu'i.

Abin da ya bambanta 60 da sauran lambobi shi ne yawan hanyoyin da take rabuwa ba tare da saura ba. Idan aka ninka 3 sau 4, sannan aka ninka abin da ya fito sau 5, ita za a samu, kuma ita ce lamba mafi ƙanƙanta da 1 da 2 da 3 da 4 da 5 da 6 duk suke raba ta daidai. Haka kuma tana rabuwa da 10 da 12 da 15 da 20 da 30 da ita kanta, wato lambobi 12 ke nan, kuma babu wata lamba a ƙasa da ita da ta tara masu raba ta har haka. Ita kuwa 100, wadda littattafan lissafi suka ɗora a kan komai, lambobi 9 ne kawai suke raba ta, kuma da zarar an ce a kasa ta gida uku sai yaro ya tsaya yana kallon allo, domin 33 ce da guntun da ba ya ƙarewa.

Yaranmu sun san wannan tun kafin su sa kayan makaranta. Duk wanda ya taɓa zama a zaure ranar da aka tara malamai domin saukar Alƙur'ani ya ga yadda alaramma yake kwance gafaka, ya ɗaga kai ya ƙirga waɗanda suka hallara, sannan ya raba izu 60 ba tare da ya nemi alƙalami ba: idan su 12 ne kowa ya ɗauki izu 5, idan su 15 ne izu 4, idan kuwa sun kai 20 to izu 3 ya wadatar. Mai son ya sauke a watan azumi ya san izu 2 ne a kullum, limamin tahajjud kuma ya san sai ya ja izu 6 kowane dare kafin ya kammala a goman ƙarshe. Almajirin da ya iya wannan da ka, shi ne za a zaunar a aji a ce masa bai san rabawa ba, don kawai an rubuta masa ita da alamar da bai saba gani ba.

Manomi ma ba baƙo ba ne a wajen wannan lamba, ko da bai taɓa kula ba. A lissafin zakkar hatsi, ma'aunin da ake kira wasaƙi sa'i 60 ne (sa'i ɗaya mudun Annabi 4 ne), nisabi kuma wasaƙi 5, wato sa'i 300. Wanda ya noma gero ko dawa da ruwan damina zai fitar da kashi ɗaya cikin goma, sa'i 6 ke nan daga kowane wasaƙi, wanda kuwa ya shayar da alkama ko shinkafarsa da injin ban ruwa a fadama zai fitar da rabin haka, sa'i 3. Ko ta ina aka zo, lissafin yana faɗawa daidai. Haka nan kaffarar wanda ya karya azumi da gangan, inda ake ciyar da miskinai 60, kowanne mudun Annabi ɗaya a mazhabar Malikiyya. Tunda sa'i mudu 4 ne, abin ya tashi sa'i 15, rubu'in wasaƙi cif.

Agogon da ke hannunmu kuwa gado ne daga mutanen Sumer da Babila, a ƙasar da ake kira Iraƙi a yau, waɗanda fiye da shekara 4,000 da suka wuce suke rubuta lissafinsu a kan allunan yumɓu da tsarin sittin-sittin. Daga can aka samo minti 60 a awa, da daƙiƙa 60 a minti, shi ya sa rabin awa da sulusinta da rubu'inta duk suke fita ba gutsure: 30 da 20 da 15. A shekarar 1793 gwamnatin juyin juya hali ta Faransa ta yi ƙoƙarin sauya wannan, ta mai da yini da dare awa 10, kowace awa kuma minti 100, amma a 1795 aka janye tilascin. Mu kuma da aka kawo naira da kobo a 1973 mun rabu da tsohon kuɗin da sule 5 yake kwabo 60, amma babu wanda ya taɓa mana agogo.

Ba na cewa 60 ta gama komai. Ba ta rabuwa da 7, shi ya sa mai son sauka a mako ba ya samun izu daidai a kowace rana, kuma sumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas, 7 da rabi ne, don haka masu rabon gado, idan sumunin matar mamaci ya haɗu da sudusin mahaifiyarsa, wato kashi ɗaya cikin shida, kan 24 suke kafa lissafinsu. Wannan ma darasi ne mai kyau ga ɗan aji biyar, domin zai gane cewa kowane rabo da lambar da ta dace da shi.

Saboda haka nake kira ga hukumomin ilimin firamare na jihohin Jigawa da Kano da su sanya wannan a cikin bitar da ake yi wa malamai. Ba ya buƙatar kuɗi ko sabon littafi. Tsakuwa 60 ko 'ya'yan tsamiya 60 a kan benci sun isa: a sa yara su kasa su gida biyu, gida uku, gida huɗu har zuwa shida, su gwada gida bakwai su ga saura 4 da idonsu, kafin malami ya ɗauki alli ya rubuta musu alamar rabawa.

Na gode da wannan dama da aka ba ni.

Naku,
Wani malamin firamare mai ritaya,
Ƙaramar Hukumar Ringim, Jihar Jigawa.