Sanarwa kan zazzaɓi kafin damina ta kankama

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Damina ta ƙarato, kwatocin Tudun Wada da Sabon Gari a nan Zariya za su cika, sauro zai dawo. Roƙona gare mu, duk wanda jikinsa ya yi zafi a gwada jininsa kafin ya sha magani. Ɗigo ɗaya ne daga yatsa, cikin minti 20 sakamako ya fito.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke kiran kowane zazzaɓi maleriya. Mun gani a 2020 lokacin korona, mutane suka guji asibiti, kowa ya nufi kemis. Alhali zazzaɓin Lassa da sanƙarau ma da zafin jiki da ciwon kai suke farawa, kafin a ankara sun kama mai jinya.

In gwaji bai nuna maleriya ba, ko an sha maganin kwana 3 jiki bai sauka ba, a wuce asibiti, Shika ko Gambo Sawaba. Kada ƴan dubiya su cika ɗakin. Kiran lambar NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, kyauta ne, 6232.

Iyayenmu mata, don Allah in masu rabon maganin rigakafin maleriya na yara ƴan ƙasa da shekara 5 sun zo, a karɓa, kuma a ɗaura gidan sauro kullum.