Wasiƙa daga ofishin lauyoyi

Aminina,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, da fatan sanyin can bai takura maka ba. Ka yi ƙorafin na ɗauke ƙafa. Wallahi aiki ne. Muna da shari'ar fili da za a fara sauraro a Babbar Kotu, oga ya hana kowa sakat.

Kai har yanzu kana ɗauka aikin lauya shi ne ya sa baƙar riga ya yi ta zuba Turanci gaban alƙali. Wannan ai ƙarshen aikin ne. A tsarin da Legas ta fara a 2004, sauran jihohi suka bi, ranar da ka shigar da ƙara dole ka haɗa da jerin shaidunka, da bayanin kowannensu a rubuce bisa rantsuwa, da kwafin takardun da za ka dogara da su. Abin da ka manta, sai ka roƙi izinin kotu, lauyan ɗaya ɓangaren kuwa yana jiran ka.

Shaidu ne suka fi ba mu wahala. Dattijo ya san iyakar gonar kamar tafin hannunsa, amma da an yi masa tambaya uku a jere sai shekaru su cakuɗe masa. Don haka muke zaunar da shi, ɗayanmu ya zama lauyan abokin shari'a, ya yi ta ƙure shi. Ba ma koya masa abin faɗa, wannan laifi ne. So muke ya saba da matsi, ya daina amsa abin da ba a tambaye shi ba. In kuma da Hausa ya ba da bayani, sai a rubuta da Hausa a haɗa da fassara.

Ga kuma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011. Saƙon WhatsApp ko bayanin asusun banki da aka buga daga kwamfuta, sai an tabbatar wa kotu lafiyar na'urar da ta fitar da shi, galibi da takardar shaida. Wannan 'yar takarda ta sha kayar da manyan hujjoji.

Mu ma da sauƙi. Masu ƙarar zaɓe kwana 21 kacal suke da shi su shigar da komai, kotu kuma ta yanke hukunci cikin kwana 180.

Ka gaishe min da uwargida da yara. In an ɗage zaman, kamar yadda aka saba, zan kira ka mu sha hira.

Naka har kullum.